Haƙƙin da Waya Ba Ta Sauke Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu daga namiji da mace, ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, maganata yau a kan zumunci ce da abin da wayar hannu ta yi masa. Tun da wuri in faɗa, ba zagin waya na zo yi ba. Da ita nake rubuta wannan, da ita kuke karantawa. Duk wanda ya ce waya sharri ce tsagwaronta, bai san wahalar da iyaye da kakanni suka sha kafin su ji ɗuriyar nasu ba.

Bahaushe dama ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Fatake sun bi hanyar Gwanja da jakunansu neman goro, suka kafa zanguna, wasu ba su sake ganin gida ba. Jikokinsu ne muke gaisawa da su yau a Zangon Kumasi da Nima da Sabon Zango na Akara. Maniyyata sun tashi a ƙafa, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, shekaru su shuɗe kafin su ga Ka'aba, da yawa kuma suka yada zango a Chadi da Sudan har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun ci gaba da nausawa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, garin da suka kafa a Sudan yana nan da sunansa har gobe. A wancan zamani in mutum ya durƙusa gaban mahaifiyarsa zai yi tafiya, yafe wa juna ake yi, domin sau da yawa rabuwar ke nan. Labarin rasuwa sai ya shekara a hanya kafin ya iso.

Daga baya aka samu wasiƙa a hannun direba, da gaisuwa ta shirin zaɓi-sonka a rediyo, sannan aka samu kaset. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna. Alhaji ya dawo daga Makka da saƙon wani ɗan gida da ya daɗe a can, a sayo batir, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan Isha'i, a kira har matan maƙwabta. Murya ta fito tana gaida kowa da sunansa, daga mai gida har yaron da aka haifa bayan tafiyarsa, wanda bai taɓa gani ba. Tsohuwa tana share hawaye da gefen mayafi tana amsa gaisuwar kamar yana jin ta. In ya ƙare a juya, a sake saurare. Washegari a ɗauki amsa, kowa ya matso bakin rediyo ya faɗi nasa, a naɗe kaset ɗin a tsumma, a jira mai tafiya.

Sai a 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, lokacin da layi kaɗai sai mai hali. A 2003 aka fara cajin kira da daƙiƙa maimakon minti, farashi ya yi ta sauka. Yau ga WhatsApp, ga Facebook, ga kiran bidiyo. Uwa tana Ɗambatta tana kallon jikanta yana rarrafe a Jidda. Kuma mun ga ranarta a lokacin tsanani. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, dangin da ke Maraɗi da Katsina, da na Ƙonni da Illela, da me suka riƙa jin lafiyar juna? Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ta ina iyaye suka ji muryar 'ya'yansu ɗalibai da suka maƙale? Da aka katse sabis a Zamfara a watan Satumban 2021, mutane mota suke hawa su fita jihar don kawai su ce wa nasu "muna nan lafiya". Wannan ni'ima ce, kuma Allah ya ce lalle za a tambaye mu game da ni'ima.

To, ga inda tambayar take. Kakanka da ya yi shekara goma bai gaida 'yar uwarsa ba, yana da abin faɗa a gaban Allah: hamada ce tsakaninsu. Kai fa? Lambar gwaggonka tana cikin wayarka. Data tana nan, ka ƙarar da ita jiya a kan bidiyon mutanen da ba su san an haife ka ba. Uzurin nisa ya faɗi, uzurin rashin ɗan aike ya faɗi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jubairu ɗan Muɗ'im cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba. Kuma a Suratu Muhammad, aya ta 22 da 23, Allah ya haɗa yanke zumunci da ɓarna a bayan ƙasa, ya ce waɗannan su ne ya la'anta, ya kurumtar da su, ya makantar da ganinsu. Ba ƙaramar magana ba ce.

Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Abin da aka kawo don ya kai mu ga na nesa, mun ɗauke shi mun sa tsakaninmu da na kusa.

Alƙali Iyal, mai Ashafa da muke saurare a masallatanmu, ya yi wata magana da malamai suka yi ta naƙaltowa: zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙarancinsa barin ƙaurace wa juna da sadarwa ko da sallama ce, kuma yana bambanta gwargwadon iko da buƙata. Ku riƙe wannan ma'aunin. Wanda yake Kumasi ko Tarabulus, in ya kira ya gaida mahaifinsa, ya yi gwargwadon ikonsa, Allah ya ba shi lada. Amma wanda yake Hotoro, mahaifinsa yana Gwale, kuɗin Adaidaita ne tsakaninsu, ya ce ai muna waya kullum, wannan ya karɓi rangwamen da ba shi aka yi wa ba. Magabata da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su san waya ba, gaskiya ne, amma sun san mutum.

Ku dubi hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim: haƙƙin musulmi a kan musulmi biyar ne, amsa sallama, duba mara lafiya, raka jana'iza, amsa gayyata, da yi wa mai atishawa addu'a. Ka ƙirga da kanka, guda nawa ɗan yatsa zai sauke maka? Sallama ce kawai. Uku sai ka sa takalmi. Na biyar kuwa, sai kana kusa da mutum har ka ji atishawarsa.

Bari mu tsaya a kan mutuwa, domin a nan abin ya fi fitowa fili.

An yi rasuwa da asuba. Kafin a rufe wa mamaci ido sosai, wani ɗan gaggawa ya sa hotonsa a sitatus da "Innalillahi". 'Yarsa da ke aure a wani gari, mai tsohon ciki, ta buɗe waya don duba lokaci, ta ci karo da fuskar mahaifinta. Babu wanda ya zaunar da ita, babu babbar mace a gefenta, babu "ki yi haƙuri, jikin Baba ne ya tsananta, ki shirya a zo a ɗauke ki". Da can dattijo ake tashi ya kai irin wannan labari, ya san yadda zai fara, ya san inda zai tsaya. Yanzu rige-rige ake, kowa yana so a ce a wurinsa aka fara gani. Ɗan uwa, ladan me kake nema da wannan saurin? Ka bari makusanta su ji ta bakin wanda ya dace, sannan ka sanar don mutane su samu jana'iza. Hoton gawa kuwa, ko na wanda hatsari ya rutsa da shi, ko na majinyaci da robar numfashi a hanci, ka ji tsoron Allah ka bar shi. Yana da 'ya'ya, kuma mutuncinsa bai mutu tare da shi ba.

Sai zauren iyali na WhatsApp ya ɗauka. Sitika ta bi sitika, kowa ya kwafo addu'ar da na samansa ya rubuta ya liƙa, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Kafin hantsi saƙonni sun cika waya. Ƙarfe biyu a zo sallar jana'iza, ka duba sahu, ka nemi masu sitikar nan da ke cikin gari. Wasu suna ofis, wasu suna kasuwa, wasu suna kwance a ɗaki, zuciyarsu sakayau, domin a ganinsu sun riga sun yi ta'aziyya. Wannan shi ne hatsarin: saƙon yana kwantar maka da hankali alhali haƙƙin yana nan a wuyanka. Da ba ka aika komai ba, da zuciyarka ta dame ka har ka tashi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya halarci jana'iza har aka yi mata salla yana da ƙiraɗi ɗaya, wanda ya tsaya har aka binne yana da biyu, kuma da aka tambaye shi ya ce misalinsu kamar manyan duwatsu biyu ne. Wannan ciniki ne mutum zai bari don ya danna hoton hannaye biyu a ɗage?

Kuma ka tambayi duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa. Ba ya tuna wa ya rubuta me. Yana tuna wanda ya shiga kabari ya karɓi gawa, da wadda ta zo ta ɗora tukunya ba a sa ta ba, da wanda ya zauna a tabarma kwana uku bai ce komai ba sai "ya haƙuri".

Haka dubiya. Muslim ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama Allah zai ce: ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Bawa ya ce: ya Ubangiji, yaya zan duba ka alhali kai ne Ubangijin talikai? Ya ce: ba ka san bawana wane ya yi rashin lafiya ba ka duba shi ba? Ba ka san da ka duba shi da ka same ni a wurinsa ba? "Allah ya ƙara sauƙi" a waya addu'a ce mai kyau, kada a daina. Amma sai ka je za ka ga cewa takardar maganin tana ƙarƙashin filo kwana biyu ba a saya ba, kuma mai jinya ba ta runtsa ba tun shekaranjiya. Ba wanda zai rubuta maka wannan a guruf. Kunya ba za ta bari ba.

Gayyata ma ta canja. Da goro ake rabawa, daga baya alawa da kati, a bi gida gida. Mai kai goron nan yana gaisawa, yana ganin wanda ya rame, yana jin wanda aka yi wa haihuwa. Yanzu hoton kati ɗaya ake jefawa a zaure a ce "gayyata ce ga kowa da kowa". Ga sa'o'inka ba laifi, zamani ne, kuma an rage wahala. Amma baffanka? Ƙanin mahaifinka da ya riƙe ka a kafaɗa, shi ma a cikin "kowa da kowa" zai tsinci labarin auren 'yarka? In bai zo ba kuma ka ce ba ya zumunci.

Akwai ma waɗanda ba sa cikin zauren sam, kuma su ne suka fi kowa haƙƙi. Kaka mai ƙaramar waya mai tocila, wadda take ba yaro ya kai shagon caji ya dawo mata da ita a ƙulle a leda. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta san sitatus ba. An sa ranar biki, an tara gudummawa, an yi gardama an shirya, duk a WhatsApp, ita ba ta ji ba sai a bakin maƙwabciya. Wayar tana ɗaure a bakin zaninta, in ta yi ƙara ta yi ta lalube da sauri, sai ta tarar kamfani ne ke tallar waƙa. Kowane gida ya kamata ya san su wane ne nasa irin waɗannan, kuma a ɗora wa wani takamaimai alhakin kiransu ko zuwa wurinsu duk lokacin da wani abu ya taso. In aka bar wa kowa, ba wanda zai yi.

Sai maganar kuɗi. Tura kuɗi ta waya alheri ne babba, kuma wanda ya ga wahalar ƙarancin takardar naira a farkon 2023 ya san haka. Ciyar da dangi ma lada biyu ne, sadaka da zumunci, kamar yadda ya zo a hadisin da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Da Abu Ɗalha ya so ya sadaukar da gonarsa Bairuha, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (SAW) cewa ya yi ya sanya ta cikin makusantansa. To amma wasunmu sun mai da alat fansar kai. Ƙarshen wata ya tura, ya kira na minti ɗaya, "Hajiya kin ga saƙo?", shi ke nan sai wani watan. Mahaifiyarka ba ma'aikaciyarka ba ce da za ka biya albashi. Ayar Suratul Isra'i ba ta tsaya kan ciyarwa ba, ta ce ka faɗa musu magana mai karamci, ka sassauta musu fiffiken ƙanƙan da kai don rahama. Tana so ta ba ka labarin da ta riga ta ba ka sau uku, ka saurara kamar yau ka fara ji.

Mu da ke gida ma akwai namu laifin a kan na waje, kuma ba a cika faɗa ba. Yaro yana Legas yana tura baro, ko yana Libiya yana aikin gini, ko yarinya tana aikatau a Saudiyya, ba mai kiransu sai da dalili. Gaisuwar ba ta wuce numfashi biyu, sai a ji "dama wata 'yar matsala ce ta taso". Har ya kai in ya ga lambar gida gabansa faɗuwa yake, ya kife wayar. Mu kuma mu ce ya samu duniya ya manta da mu. Yaushe rabon da ka kira shi don kawai ka ji ko ya ci abinci, ko yana samun jam'i, ko zazzaɓin nan ya sake shi? Baƙunta ciwo ce. Wanda ke cikin mutanen da ba sa jin harshensa ya fi buƙatar muryar gida fiye da yadda gida ke buƙatar kuɗinsa.

Kai kuma na waje, ka daina ƙarya da hoto. Ka jingina da motar wani, ka ɗauka a gaban benen da kake gadi, ƙannenka a ƙauye su gani su raina gonar ubansu, wani ya sayar da babur ya kama hanyar Agadas. In hamada ta cinye shi, kana da kaso.

Yanzu mu shigo cikin gida. Nasa'i ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya sa wani zobe, sai ya ce: wannan ya shagaltar da ni daga gare ku tun ɗazu, kallo ɗaya gare shi, kallo ɗaya gare ku. Sai ya jefar da shi. Zobe, 'yan uwa. Ba ya ƙara, ba ya haske, ba ya kawo labari. Kuma masu siffanta shi sun ce in zai juya ga mutum, da dukkan jikinsa yake juyawa. Ka auna wannan da zamanmu. Ka yi tafiyar awa biyu ka je gaida mahaifinka, ka zauna a gabansa, yana magana kana "haka ne Baba" idonka a ƙasa, babban yatsa yana aiki. Ya gane. Tsofaffi suna ganewa, shiru kawai suke yi. Ƙafarka ta zo amma kai ba ka zo ba. Miji ya dawo tun Magariba, matarsa ba ta samu kalma goma ba, amma yana ta murmushi shi kaɗai da 'yan ajinsu na sakandare. Mata tana shayarwa, jariri yana neman idonta, idon yana TikTok. Yara sun daina kawo ƙara da labarin makaranta, domin sun koyi cewa amsar ita ce "ina zuwa". Maƙwabcinka da Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da shi har ya zaci zai ba shi gado, ka san rikicin da ake yi a wata nahiya dalla-dalla, ba ka san an kwantar da matarsa ba. Zumunci kamar turbar gona yake, in ƙafa ta daina bi, ciyawa ce ke rufe ta, ba sai an yi faɗa ba.

Akwai kuma abin da muke aika wa juna. Ku tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane cikin dare a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha. Wa ya kira ka? Ba maƙiyi ba ne. Yayarka ce, ko kawunka, cikin ƙauna da tsoro. Gari ya waye wasu suna asibiti, har aka ba da rahoton rasa rai. Ƙarya ba ta da abin hawan da ya fi amincin da ke tsakanin dangi, domin abin da ya fito daga wayar Yaya ba a bincikensa. Kamfanin WhatsApp da kansa sai da ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya a 2019 saboda wannan bala'i. Mu kuwa an riga an ba mu namu taƙaitawar tun tuni: Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a nemi tabbaci, kuma Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A hadisin mafarki mai tsawo da Bukhari ya kawo daga Samura ɗan Jundub, an nuna wa Annabi (SAW) mutumin da ake tsaga masa baki da hanci da ido har ƙeya, aka ce shi ne wanda yake fita daga gidansa ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. Sahabbai sun ji wannan a zamanin raƙumi. Kai ko fita daga gidan ba sai ka yi ba. Rubuta "kamar yadda na samu" a ƙasan saƙo ba ya wanke ka. Haka hadisan ƙarya da ake cewa ka tura wa mutum goma za ka ji albishir kafin dare. Addini ba a yaɗa shi da ƙage.

Amana ma ta yi arha. Ƙanwarka ta yi maka saƙon murya tana kuka kan abin da ke tsakaninta da mijinta, ka tura wa babbar yaya "don ta sani", ita ta tura wa wata, kafin sati ya kai kunnen dangin mijin da muryarta da komai. Da can in an kai gulma ana iya musantawa, a yi sulhu, magana ta bi iska. Yanzu ga murya, ga hoton hira, ga kwanan wata. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to amana ce. Wanda ya zaɓi lambarka kai kaɗai ya yi fiye da waige. Aure nawa ne ya mutu a kan "tura min in ji"?

Na ƙarshe da zan taɓo shi ne gaba, wadda waya ta mayar abu mai sauƙi. Da in ka yi fushi da ɗan uwanka, dole ku haɗu a masallaci ko wurin suna, kunya ta sa ku gaisa, dattijo ya lura ya kira ku zaure. Yanzu danna wuri ɗaya ne: ka toshe shi, ka fice daga zauren iyali, ba wanda ya ga fuskarka balle ya ba ka baki. Kuma a kan me? Sau da yawa ba gado ba ne, ba gona ba ce. Guntun bidiyon wani malami ne na daƙiƙa talatin da aka yanko daga karatun awa biyu, ko gardamar ɗan takara. 'Yan siyasar da kuka ɓata dominsu a zaɓen 2023, ku duba, wasunsu sun sauya jam'iyya, suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu suna raha. Kai kuma har yau ba ka magana da wanda kuka sha nono ɗaya.

Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo mata tana mushirika, ko ta sada ta? Ya ce e, ki sada mahaifiyarki. In shirka ba ta yanke wannan igiya ba, yaya saɓanin ƙungiya ko ɗariƙa ko jam'iyya zai yanke ta? Ban ce kada ka toshe ɗan damfara ko mai turo batsa ko wanda ya mai da zaginka sana'a ba, wannan kare kai ne. Ina maganar ɗan uwanka da kuka yi musu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ayyub cewa bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da dare uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kada ka ce shi ya fara. Bukhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Amru cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in aka yanke masa sai ya sadar.

Muslim kuma ya ruwaito cewa ana buɗe ƙofofin Aljanna ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk bawan da ba ya shirka, sai mutumin da ke da gaba tsakaninsa da ɗan uwansa, a ce ku jinkirta wa waɗannan biyu har su sasanta. Jerin sunayen da ka toshe yana nan a cikin saitin wayarka. Ka buɗe shi yau ka karanta, in akwai jininka a ciki ka cire shi. Kada ka tsaya tsara dogon rubutu na wa ya yi laifi, domin rubutu ba shi da murya, kowa da irin sautin da yake karanta shi, nan da nan sai sabon faɗa. Ka kira shi. In yana cikin gari, ka bari sai bayan La'asar ka je ƙofar gidansa ka yi sallama, kafin Alhamis ta zo.

Allah ya ba mu iko, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.